Bonar Man Gas: Yadda Ake Kafa Ta da Saita Wutarta a Kwarin Rima

Wata asuba cikin Disamba, hunturu na kaɗawa, aka taso ni zuwa wani gidan burodi da ke kan hanyar Achida zuwa Goronyo. Kwaɓi ya kumbura a cikin gwangwanaye, masu babura sun fara taruwa a ƙofa, tanderu kuwa sanyi ƙalau. Na tarar da yaron gidan durƙushe gaban bona, yatsansa a kan jan maɓalli.

"Malam, abin ga ya ƙiya. In na danna sai ya yi gunji ya mutu."

"Sau nawa ka danna, samari?"

Ya sosa ƙeya. "Bai kai goma ba."

Na kashe wutar lantarki, na zare bonar, na haska cikin ɗakin wuta da tocila. Man gas ne kwance a ƙasa yana sheƙi. Kowace dannawa famfo ya fesa mai na 'yan daƙiƙu, bai kama ba, ya taru. Da Allah ya sa ta kama a dannawa ta gaba, da ƙofar tanderun ce za ta fara isa bakin titi. Abin da ya hana ta tashi kuwa bai taka kara ya karya ba: ruwa ne ya cika kofin filta.

Tun da aka kammala madatsar Goronyo a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, ruwan da take tarewa na gulbin Rima, wanda ya kai kubik mita miliyan 942 in ta cika, ya mai da wannan yanki ƙasar noman rani. Shinkafa, albasa, tafarnuwa, alkama. Inda amfanin gona ya yawaita kuwa sai sana'o'in wuta su biyo baya: turara shanshera, busar da ita, gashin burodin da 'yan ƙwadago ke karyawa da shi. Itace ya yi tsada, kuma itace ba ya jin umarni. Shi ya sa wasu ke komawa ga bonar man gas, wadda za ka ce mata digiri 220 ta tsaya a nan.

Kafin mu shiga aiki, ga shawara kyauta. In tukunyar turara shinkafa kawai kake son zafafawa kuma ɓuntu na tsibi a bayan injinka, gina murhun ɓuntu ka huta. Bona ta dace da inda ake son zafi daidai wa daida, kamar tanderun burodi ko na'urar busarwa, inda zafi kaɗan in ya zarce sai ƙwayar shinkafa ta tsage ta kakkarye a casa.

Man gas ba ya kamawa da sauƙi. Zuba shi a murfin gwangwani ka jefa ashana, ashanar ce za ta mutu, domin sai ya haura digiri 55 yake fitar da tururin da ke kama wuta. Aikin bona duka shi ne ta mayar da shi hazo. Motar lantarki guda ɗaya ce a ciki, tana juya fanka da famfo lokaci ɗaya. Famfo ya matsa mai, ya turo shi ta nozul mai ramin da bai fi kaurin gashi biyu ko uku ba, ya fito kamar feshin maganin ƙwari. Fanka ta huro iska ta cikin wani faifan ƙarfe mai tsage-tsage da ke murɗa ta. Ƙahoni biyu da ke gaban nozul su ba da tartsatsi daga taransifoma mai ƙarfin kusan bolt 10,000. Sai kuma ɗan ido, wanda makanikai ke kira fotosel, da ke leƙen wutar yana gaya wa akwatin kwantirol ta kama ko ba ta kama ba. In bai ga haske ba cikin 'yan daƙiƙu, akwatin ya rufe mai ya kunna jan maɓalli. Wannan jan maɓalli magana yake yi maka. Danna shi sau ɗaya. In bona ta sake mutuwa, ɗauko sifana.

Aiki daga tanki yake farawa, kuma a yankinmu rabin ciwon bona a tanki yake kwana. Man da ya biyo ta duro da jarka kafin ya iso Wurno ko Rabah ya sha hannu. Wani da ruwa, wani da yashi, wani an sirka shi da kananzir. Kananzir yana ci, amma ba shi da santsin da haƙoran famfo ke buƙata, a hankali sai ya cinye su. Wanda aka sirka da fetur kuwa kada ma ya kwana a gidanka. Duk man da ka saya, musamman a hannun 'yan bumburutu, ɗebi kaɗan a farar kwalba ka ajiye ya kwana. Da safe ruwa zai kwanta a ƙasa, ka gan shi da idonka.

Kafa tankin a inuwa, a waje da ɗakin tanderu, ka ɗan karkatar da shi ta yadda gindinsa na baya ya fi zurfi, ka sa famfon tsiyaya a wannan ɓangaren. Bututun da ke kai mai ga bona kada ya sha daga can ƙasa. Bar tazarar kamar santimita 10 don laka ta samu wurin kwanciya. Ranar da aka zuba sabon mai, ba shi sa'o'i ya lafa kafin ka kunna. Sa filta mai kofin gilashi a kusa da bona, da bawul na rufewa a gabansa. A mahaɗan bututu yi amfani da woshar tagulla. Farin zaren nan da masu aikin famfo ke naɗawa yana yagewa, guntunsa ya bi mai ya je ya toshe nozul.

Yanzu wurin da na ga an fi yin asara. Famfon bona yana da ƙofar bututu biyu: ta shigar mai da ta mayar da ragowa zuwa tanki. Yawancin bonar Turai, irin su Riello da ake yawan samu a tanderun gidajen burodi, suna zuwa ne a shirye don bututu biyu, da wani ɗan sukuru a cikin famfon da ke tilasta wa ragowar mai fita ta ƙofar komawa. In ka ce kai bututu ɗaya za ka ja, ka toshe ƙofar komawa ba ka cire wannan sukuru ba, mai ya rasa mafita, nan take ya fasa sil ɗin famfo. Sabuwar bona, ranar farko, tana zubar da mai a ƙasa. Ni bututu biyu nake ja ko da tankin na sama, don ta haka famfo yana fitar da iskar da ta shiga da kansa. Amma tabbatar bututun komawa a buɗe yake, babu bawul a kansa da wani zai rufe bisa kuskure.

Sai nozul. A jikinsa akwai rubutu uku, kuma duk wanda zai taɓa bona ya kamata ya iya karanta su. Misali 1.00, 60°, S. Lambar farko yawan man da yake fesawa ne a sa'a, da galan ɗin Amurka, wanda ya kai lita 3.8, idan matsin famfo yana bar 7. To amma bonar Turai galibi a bar 12 ake saita ta tun daga masana'anta, kuma a wannan matsi nozul mai 1.00 zai sha kusan lita 5 a sa'a. Kowace litar man gas tana ba da zafin kusan kilowat 10 na sa'a ɗaya, wato wutar kilowat 50 ke nan. Dubi farantin da aka liƙa a jikin tanderu ko na'urar busarwarka, ka ga kilowat nawa take so, ka raba da 10, ka san litar da take buƙata. Kada ka sa nozul ɗin da ya fi haka da sunan a gama da wuri. Ɗakin wuta yana da iyakar abin da zai haɗiye. Abin da ya ragu bututun hayaƙi ne zai sha, kai kuma ka biya.

Lamba ta biyu faɗin feshi ce. Ɗakin wuta dogo siriri yana son 45°, gajere mai faɗi yana son 80°, 60° kuma shi ne na tsaka-tsaki da aka fi amfani da shi. Abin lura dai kada harshen wuta ya lashi bango, don duk inda ya taɓa ƙarfe mai sanyi kunkunniya ce za ta taru. Harafin ƙarshe siffar feshin ce: a nozul ɗin Danfoss, S cikakke ne, H mai rami a tsakiya. Abin da littafin bonarka ya ce, shi za ka saya.

Masu shayi suna tsokane rishonsu mai famfo da siririn waya in ya toshe, ya tashi garau. Kada wannan ya ruɗe ka. Allura ɗaya in ta shiga ramin nozul ta gama da shi: zai ci gaba da fesawa, amma a karkace, da ɗigo manya-manya da ba sa ƙonewa. Nozul ba a gyara shi, canja shi ake yi, aƙalla sau ɗaya a shekara, da manmu na nan ma gara sau biyu. In ka je Sakkwato ko Kano sayo uku ka ajiye a cikin robarsu. Wajen ɗaurawa riƙe mazauninsa da sifana ɗaya ka ɗaure da ɗaya, kuma kada yatsa mai datti ya taɓa bakinsa.

Ƙahonin tartsatsi a yawancin ƙananan bona tazarar milimita 3 zuwa 4 ce tsakaninsu, suna ɗan sama da ramin nozul, suna ɗan gaba da shi. Dabarar ita ce kada su shiga cikin feshin. Iskar fanka ce ke busa tartsatsin ya lanƙwasa ya taɓa gefen hazon mai. In sun shiga feshi za su yi baƙi su daina aiki. In sun matsa kusa da faifai ko nozul, tartsatsin zai tsallaka can ya bar mai. Shafa farin tangaran da ke riƙe da su ka duba; tsaga ko da siririya ce, wuta za ta zurare ta nan. Duk wannan kuma da soket a cire. Taransifomar bona ba ta san wasa ba.

Shi ma faifan iska yana matsawa gaba da baya a kan ma'auni mai lambobi. Littafin bona yana da jadawalin da ke cewa nozul kaza, lamba kaza. Bi shi, ka wuce.

Bututun hayaƙi kada a rage masa faɗi, kada ya yi gwiwa da yawa, ya haura rufi, a sa masa hula saboda damina. Ɗakin da bona take kuma dole ya sami mashigar iska da ba a rufewa. Kowace litar mai tana buƙatar iskar da ta haura kubik mita 10, wato cikin ƙaramin ɗaki guda a kowace lita biyu ko uku. Lokacin sanyi yara kan toshe kowace kafa da buhu su kwanta kusa da tanderu. Wutar da ta rasa iska tana fitar da irin gubar nan ta hayaƙin janareta, wadda ba ta da wari, wadda ke kashe mutane cikin barci. Mai gida, wannan kai za ka tsawatar.

To, an zo kunnawa. Ɗaura gejin matsi a ƙofar da aka tanada a jikin famfo. Wanda ya ce zai saita maka bona bai zo da geji ba, ba shi kuɗin mota ya koma. Buɗe mai, ka sassauta sukurun fitar da iska, ka sa gwangwani a ƙasa, ka kunna. Da farko kumfa zai fito, sannan mai tsantsa. Sai ka ɗaure. Kada ka bar famfo ya daɗe yana juyawa a bushe, man ne man shafawarsa.

Saurari yadda lafiyayyar bona ke tashi, don kunnenka ya riƙe. Mota ta fara juyawa, fanka ta share ɗakin wuta na daƙiƙa 10 zuwa 15, kana jin tsirrr na tartsatsi a ƙarƙashin ƙugin fanka. Sai ƙas, bawul ɗin lantarki ya buɗe, wuta ta kama nan take da sauti mai laushi, fuu. In ka ji shiru bayan ƙas ɗin sannan bum, har ƙofa ta girgiza, wutar ta makara: duba ƙahoni, duba nozul, ko kuma iska ta yi yawa tana ture tartsatsin.

Ana fara saita mai, sannan iska, kuma ba a komawa ga mai don gyara kuskuren iska. Kai allurar geji inda littafi ya ce, mu ce bar 12, ka tabbatar ta tsaya cak. In tana rawa, iska na shiga ta wani mahaɗi ko filta ya toshe. Famfon ma za ka ji yana kuka siriri. Da ka samu matsin, cire hannunka daga sukurun da ke saita shi. Na sha zuwa in tarar an murɗa shi har ƙarshe saboda wai wuta ba ta da ƙarfi. Daga bar 12 zuwa 14 ƙarin mai kashi 8 cikin 100 ne, iska kuwa tana nan yadda take, sai hayaƙi.

Bar bona ta yi minti 15 tana ci, komai ya ɗauki zafi, sannan ka koma ga ƙofar iska. Wutar man gas ba shuɗiya ba ce irin ta tukunyar iskar gas, kada ka wahalar da kanka neman wannan. Mai kyau rawaya ce mai haske, tsayayya, ba ta lilo. In ta yi ja-ja kamar wutar kara, dogon harshe mai baƙin baki, iska ta yi kaɗan. In ta yi fari fat, gajera, tana ruri tana watsa ƙananan taurari, ga wani wari mai yaji a hanci, iska ta yi yawa, kuma wannan ita ce ɓarnar da ba a gani: bututu fes babu hayaƙi, mai gida na murna, alhali iskar banza ce ake dumamawa ana korawa sama.

Masu kayan aiki suna da famfon gwajin hayaƙi, wanda ake zuƙo hayaƙi da shi sau 10 ta cikin farar takarda a gwada tabon da ma'auni mai lamba 0 zuwa 9. Ana neman 0 ko 1. Akwai kuma na'urar da ke auna iskar da ke fita, inda ake son kabon dayoksaid ya tsaya wajen kashi 12 cikin 100. In za ka iya kawo mai irin wannan na'ura ko sau ɗaya a shekara, kawo shi, kuɗinsa zai fito a mai. In babu, ga yadda muke yi. Tsayar da yaro a waje inda zai ga bakin bututu da sararin sama a bayansa. Riƙa rufe ƙofar iska kaɗan-kaɗan, kana jiran minti ɗaya bayan kowane motsi, har ya ce maka ya ga hayaƙi. Sai ka riƙa buɗewa har ya ɓace. Daga nan ƙara buɗewa kamar rabin lamba a ma'aunin ƙofar. Mayar da murfin bonar ka sake dubawa, don murfin kansa yana rage iska.

Wannan rabin lamba da na ce ka ƙara, a ƙasarmu ba ado ba ne. Iska mai zafi ta fi mai sanyi sauƙi. Fanka tana ɗibar mudu ɗaya ne kullum, amma abin da ke cikin mudun yana canjawa: tsakanin asubar Janairu mai digiri 15 da azahar ɗin Afrilu mai digiri 42, nauyin iskar yana raguwa da fiye da kashi 8 cikin 100. Bonar da aka saita ƙi-da-ƙi cikin hunturu za ta fara hayaƙi da bazara ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Don haka ka yi saiti da rana tsaka, lokacin da ɗakin ya fi zafi, kuma ka sake dubawa duk lokacin da yanayi ya juya.

Sai ƙura. Hazon hunturu, garin fulawa a gidan burodi, ƙaiƙayi a injin shinkafa, duk fanka na zuƙe su, suna liƙewa a fikafikanta har su cike lanƙwasar da ke kamo iska. Wuta ta fara ja, a yi ta neman dalili a famfo. Buɗe ka share fankar da tsohon buroshin haƙori. Daga Nuwamba zuwa Maris duk sati biyu bai yi yawa ba. Ɗan idon ma zare shi ka goge da tsumma mai laushi. Sau da yawa bonar da ke kamawa ta mutu bayan daƙiƙa biyar ba abin da ke damunta sai ƙura a ido.

Akwai kuma abin da janareta ke yi, wanda mutane kaɗan suka lura da shi. An gina motar bona ta juya kusan sau 2,800 a minti. In janareta ya ɗauki kaya fiye da ƙarfinsa, misali aka tayar da injin kwaɓi, gudunsa ya faɗi, motar bona ta rage gudu. Famfo yana da abin da ke riƙe masa matsi, don haka mai bai ragu ba. Fanka ba ta da wannan gata, iska ta ragu. Ka ga tanderu na tusar baƙin hayaƙi duk lokacin da aka kunna wani inji, kada ka zargi bona. Saita ta a kan wutar da za ta riƙa aiki da ita, da sauran injuna a kunne, kuma ka sa wa akwatin kwantirol sitabilaiza.

Kafin ka tattara kaya gwada masu gadin bonar, wato abubuwan da ke kashe ta in an samu matsala. Bona na ci, zare ɗan idon ka rufe shi da tafin hannu: dole wuta ta ɗauke, ta gwada tashi, ta kulle. Rufe bawul ɗin mai: dole ta kulle. Sauke ma'aunin zafi ƙasa da zafin tanderu: dole ta tsaya. In ɗaya ya gaza, ba a gama aiki ba. Na taɓa ganin inda aka zaro idon aka riƙa haska masa tocilar waya bayan tashi don kada bona ta riƙa damun mutane da mutuwa. Ranar da wutar ta ɗauke da gaske, famfo zai ci gaba da fesa mai cikin jan ƙarfe.

Za a kawo maka maganar baƙin mai, tunda ga shi a garejin makanikai kusan kyauta. Wannan bonar ba za ta iya da shi ba. Yana da kauri, sai an dumama shi an fesa da iskar kwamfuresa, a wata irin bona dabam. Hayaƙinsa kuma ɗauke yake da gurɓatar ƙarfen inji, bai kamata ya kusanci abin da za a ci ba. Ko da man gas mai kyau ne, in na'urar busarwarka irin wadda hayaƙi ke ratsa shinkafa kai tsaye ce, ɗan kuskuren iska zai fito a tukunyar mai saye, kuma matan da ke sayen gumi a kasuwa da hanci suke fara ciniki.

A gidan burodin nan na hanyar Goronyo, sai da muka tsane ɗakin wuta da tsummoki, muka bar fanka ta yi ta hurawa, muka zubar da kusan rabin bokitin ruwa da laka daga gindin tanki, sannan muka canja filta da nozul. Kwaɓin ranar dai ya yi tsami, awaki suka ci rabonsu. Da wuta ta daidaita na karɓi jan farce a hannun wata yarinya mai tallan ƙosai, na ɗiga a kan sukurun famfo da ƙofar iska, yadda duk wanda ya murɗa za a gane. Sannan na sa yaron ya ɗauko gawayi ya rubuta a bango da hannunsa: nozul 1.00, 60°, S, bar 12, faifai 3, iska 4 da rabi, da kwanan wata.

Mai gidan ya tsaya yana karantawa. "Malam, in ta sake yi fa?"

"Alhaji, ya danna sau ɗaya. In ta ƙiya, ya duba kofin filta, ya goge ido, ya kira ni."